Buhun Irin da Tsaraba Ta Cinye

Tun da na dawo daga Maraɗi ban samu na sha furata cikin kwanciyar hankali ba. In na zauna gindin durumin kasuwar Kusada, sai wani ya matso ya ce, "Tanko, wai da gaske ne a ƙasar Faransa har ruwan sama awonsa ake yi?" In na je ɗaurin aure, kafin a raba goro an kewaye ni. Na ba da labarin nan har muƙamuƙina ya fara ƙara kamar ƙyauren da ba a sa wa mai ba. Kuma duk wanda na ba, gobe sai in ji labarin a bakin wani ya yi ƙiba, ya fito da ƙaho da wutsiya, a ce ni na faɗa. To ga shi na rubuta, kowa ya huta. Na san sunan da kuke kirana in na ba da baya, Tanko Mai Gishiri. Ban musa ba. Amma wanda bai yarda da ni ba, ga yayana Sule nan da ransa, mutumin da bai taɓa ƙara wa magana ko ƙwayar barkono ba.

Abin da ya tashe ni, kowa ya san shi. Damina biyu a jere ruwa ya ɗauke mana da wuri. Gyaɗarmu ta gado mai yaɗo ce, tana son ta miƙe ƙafa ta yi ta sha har ƙarshen damina, sai ruwa ya tafi ya bar ta da ƙishirwa. Muka tona, kwasfa ga ta nan kamar abin kirki, ka fasa ka tarar da ƙwaya a yamutse kamar fuskar tsohuwa. Ana cikin haka taubashinmu Lawali, ɗan ƙanwar babanmu da aka aurar Maraɗi, ya zo gaisuwar rasuwa. Ya zaro gyaɗa daga aljihu ya zube kan tabarma. Ya ce wannan ba ta yaɗo, tsaye take kamar soja, kuma tana nuna kafin ruwa ya ɗauke. Daga wata gonar gwaji ta Turawansu ta fito.

Yaya Sule ya fasa ɗaya, ya duba, ya tauna. Lawali na tafiya Yaya ya kira Fulani suka zaunar da shanu a gonar Marke duk rani. Gonar Marke ita ke fitar da gidanmu haraji, ita ke yi wa mata da yara sutura. Tsohon irin da ya rage kuwa ya ba matarsa ta matse mai ta yi ƙuli-ƙuli. Ya ce ba zai sake binne wahala da hannunsa ba. Sai kurkunu ya kama shi a ƙafa, tafiya Maraɗi ɗauko irin ta faɗo kaina.

"Buhu guda," in ji shi. "Kafin ruwan shuka."

Na kama hanyar Kankiya da sassafe a kan jakin maƙwabci, wanda ya fi ni sanin inda ba ya son zuwa. Ranar kasuwa ce. Na sauka gidan Gwaggo Hajo, yayar babanmu, wadda duk mai cin ƙosai a Kankiya ya san man gyaɗarta. Na same ta a ƙofar gida tana tsiyaya mai cikin kwalabe, mata sun kewaye ta.

"Ina za ka da wannan zafi, Tanko?"

"Ƙasar Faransa, Gwaggo."

"Me ka yi wa Turawan namu?"

Na ce ba gudu nake ba, iri zan ɗauko. Ta ce wane irin iri ne sai an ƙetare ƙasa. To, kun san ni. Mata sun zuba mini ido, kuma an ajiye mini fura mai sanyi. Na ce gyaɗa ce wadda in ka shuka da safe ka manta hauya a gona, in ka koma ɗauka da la'asar sai ka tarar ta yi fure. Na ce ƙwayarta kamar ƙwan zabo. Mai kuwa, in kin matsa ta da yatsa biyu sai ya ɗiga har gwiwar hannu.

Gwaggo ta ce, "Allah Ya shirye ka. In ka dawo ka biyo ta nan."

Ina juyawa sai na ga surukina Malam Isiyaku na Fakuwa, uban matata, tsaye jikin katanga da sandarsa. Ya shigo kasuwa sayen kanwa. Na tuɓe takalmi na durƙusa na gaishe shi, ina addu'ar bai ji ba. Ya amsa gaisuwa dalla-dalla, ya tambayi gida, ya tambayi ƙafar Yaya, sannan ya ce, "Kamar ƙwan zabo. Ashe haka." Ya wuce.

Motar da ta ɗauke ni daga Kankiya ta fito Kano ne da sabulu da atamfa da garewanin kananzir, mutane a bisa. Rabona ya faɗa kan garwar da ke yoyo. Kafin mu kai Katsina na jiƙe tun daga wando har zuciya, har Maraɗi babu wanda ya yarda ya kunna taba kusa da ni. Wani tsoho ma ya roƙe ni in daina dariya da ƙarfi, kada haƙorana su yi tartsatsi. Katsina ban gan ta sosai ba, don ina sauka direban ya haɗa ni da wata motar mai zuwa Jibiya, ya ce in na isa in nemi Ɗan Ladi mahauci, ba ya mayar da baƙo.

Haka kuwa. Ɗan Ladi gajere ne mai faɗi, in yana dariya sai ya dafa bango. Ya sauke ni a zaurensa tare da wani rago da za a yanka washegari. Na rataye malfata a turke, da gari ya waye na tarar ragon ya cinye rabinta yana kallona ba ko kunya. Da rana Ɗan Ladi ya kawo mini shi a faranti, ya zama balangu da yaji, muka yi kunnen doki. Mutumin da ya ciyar da kai haka ba ka barinsa babu labari. Na ba shi na gyaɗa, shi da maƙwabtansa. A Jibiya ƙwayar ta ɗan ƙara girma, ina jin ta kusa ƙwan agwagwa.

Ni da nake tsammanin iyaka wata katanga ce mai ƙofar ƙarfe, sai na tarar da gonar gero, da wani ƙarfe a kafe tsakiyarta, rumfa nan, rumfa can. Mai gonar yana ta sassabe abinsa, in ya yi gabas yana ƙasar Ingila, in ya juyo ya shiga Faransa, ba mai tambayarsa takarda. Mu da muka zo a mota mu aka sauke. Ma'aikacin rumfarmu ya shinshina ni ya matsa baya ya ce in wuce. Na rumfarsu mai jar hula ne da ɗamara, na shirya jin Faransanci, sai ya buɗe baki da Hausa irin ta kakana.

"Kai mai kananzir, mi za ka yi Maraɗi?"

Na gaya masa. Ya ce shi ma ɗan manomi ne, tsohonsa na nan wani ƙauye kusa, kuma bai taɓa jin wannan gyaɗa ba, ga shi a ƙasarsu take. Ya ce, "In ka komo mu gani."

Muna barin rumfar direba ya karkata mota ya koma hannun dama, mu da muka saba bin hagu. Can sai ga wata mota ta taho. Na fara salati, na yafe wa duk wanda ya taɓa cin mini goro. Motar ta wuce ta hagunmu lafiya lau. Wata mata mai tallan daddawa da ke kusa da ni ta ce, "Baƙo, nan haka aka bi." Na ce ashe Turawan ma ba su shirya tsakaninsu ba, ko a kan gefen hanya.

Lawali ya tarye ni a tasha da hannu buɗe.

"Barka da zuwa Katsina."

"Katsina na baro, bawan gidanmu."

"Ginin kunka riƙe. Mutanen suna nan."

Haka muka yi ta yi har na bar garin. Mutanen Maraɗi mu ne, mu ne su. Tuwo ɗaya, fura ɗaya, zagi ɗaya. Sai 'yan abubuwa da Faransa ta manna musu. Da safe za ka ga babban mutum da rawaninsa ya saƙale wani burodi a hammata, dogo kamar sandar makiyayi. Na gatsa ɗaya, ya rama. Sai da matar Lawali ta koya mini a tsoma shi cikin wani baƙin ruwa mai ɗaci da madara kafin ya sallama. Kuma komai kilo. Mu mudu muka sani, a cika shi ya yi tozo, mai saye ya tare da hannu abin da ke zuba. Su sai a ɗora a sikeli, allura ta yanke hukunci, babu gyara babu "ƙara mini don Allah". Na ce wa Lawali kasuwar da ba a gardama a cikinta ai makabarta ce.

Washegari ya kai ni gonar gwajin, a bayan gari wajen gulbi. Na yi noma tun ina tsawon hauya, amma ban taɓa ganin gona irin wannan ba. An yanyanka ta ƙanana-ƙanana, kowane fage bai fi shimfiɗar tabarma ba, kowanne da farin turke mai lamba. Da yake bazara ce yawanci a share suke suna jiran ruwa, sai wani ɓangare da ake ban-ruwa da rijiya. Bature guda na gani, a durƙushe cikin gajeren wando, yana leƙen ƙarƙashin ganye da madubi kamar wanda allurarsa ta faɗi. A tsakar fili kuma ga wani gwangwani a kan sanda, an kewaye shi da waya. Wannan shi ne na awon ruwan sama, kuma akwai ƙato guda da aikinsa ke nan. Tun da ba a fara ruwa ba, na same shi yana goge gwangwanin.

Mai kula da ma'aikata wani mutumin Damagaram ne, Malam Haruna, siriri mai haƙuri. Ya shiga da mu wani ɗaki mai sanyi, bango duk kantoci, kantoci duk ƙananan jakunkuna. Gyaɗa ce iri-iri, ja da fara da mai zane, doguwa da dunƙulalla. Ban san Allah Ya yi gyaɗa da dangi haka ba.

Na ce, "Malam, wa ke cin amfanin gonar nan?"

"Ba kowa. Aunawa ake yi, a ware na iri, saura a ba dabbobi."

"To wa ke biyan ƙattin nan?"

"Gwamnati."

"Wato haraji."

"Haraji."

Na dubi Lawali na ce, "Ashe kai kake ciyar da mai goge gwangwani." Lawali ya ce gara shi, ya san inda nasa ke zuwa.

Malam Haruna ya yi murmushi, ya sauko da jaka guda ya zuba mini a tafin hannu. Ita ce wadda Lawali ya kai mana. Ya ce asalinta daga wata gonar gwaji ce can ƙasar Sanagal, bakin teku, inda aka yi shekara da shekaru ana zaɓe ana zubarwa kafin a same ta. Amma ba ita kaɗai aka aiko ba. Ya nuna kantoci da hannu. Ya ce duk waɗannan an yabe su a can, da suka zo nan yawancinsu suka ba da kunya. Wata ciwo ya kama ta, wata ta ƙi ƙasar, wata ta yi ganye kamar za ta rufe gari amma ƙasa babu komai.

"Abin da aka kashe can shi ya kawo mana iri," in ji shi. "Abin da ake kashewa nan shi ke gaya mana wanne za mu ba talaka. In babu na can, ba mu da abin gwadawa. In babu na nan, sai mu raba wa mutane asara da hannunmu."

Na ce to ni dai na gode wa Faransa, ta biya, Kusada za ta ci.

Ya ce, "Ka ci lafiya, iri ba ya sanin iyaka. Amma kada ka ce na ce za ta yi a Kusada. Ban taɓa taka ƙasarku ba. Nan na san ta. Can kuwa sai ku."

Maganar ta shiga ta kunnen dama, ta tarar da ni ina lissafin yadda zan shiga gari da buhu, ta fita ta hagu.

Lawali yana cikin manoman da gonar ke ba iri su yawaita shi. Ya buɗe rumbunsa ya cika mini buhu har wuya, da kwasfarta, ya ɗinke baki da igiya. Ya ce in gaya wa Yaya sadaka ce daga Katsinawan asali zuwa masu gadin gini. Ranar da na taso, gabas ta fara haɗa gira.

Mai jar hula bai manta ni ba. Tun daga nesa ya ce, "Mai kananzir, ina ta?" Na kwance bakin buhu don ya gani kawai. Ya gani, ya cire hular ya miƙo. Ban taɓa sanin hular soja na da zurfin rijiya ba. Ya ce tsohonsa zai sa mini albarka. Na rumfarmu ya hango abin da aka yi a rumfar Faransa, ya ce Ingila ba za ta zauna a baya ba.

A Jibiya na tarar Ɗan Ladi ya tara unguwa. Ya sa hannu ya fasa ɗaya, ya ɗaga ta sama kowa ya gani, ya ce, "Tanko, agwagwar nan ba ta da lafiya." Aka yi dariya har ya dafa bango. Na ce tafiya ce ta rame da ita. Amma raini bai hana su miƙo hannu ba. Mutum ya ba ka zaurensa, ya ba ka ragonsa, ka dawo daga wata ƙasa da kaya a ka, ka ce masa babu tsaraba? Da wane baki? Na ba shi. Na ba limaminsu. Na ba wani da ban san ko wane ne ba, amma ya ce shi ya nuna mini bayan gida wancan zuwan. A mota direba ya ce ba ya son kuɗin buhu, a ba shi daga ciki. Kowane zango sai in sake ɗaure bakin buhun, kuma kowane ɗauri igiyar sai ta yi saura.

Gwaggo Hajo ba ta ma gaishe ni ba, ƙwarya ta miƙo. Ta ɗebi nata, ta ɗebi kaɗan ta watsa a kasko.

"Gwaggo, iri ne fa."

"Ni ba na shuka abin da ban ɗanɗana ba."

Ta tauna, ta lumshe ido, ta ce akwai mai. Sannan ta ce in leƙa zaure ana jirana. Malam Isiyaku ne. Kasuwa biyu a jere yana zuwa daga Fakuwa. Bai tambaye ni komai ba, kuma da ya tambaya da ya fi mini sauƙi. Ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen Faransa, yana magana yana shimfiɗa gefen mayafinsa a ƙasa yana gyara kusurwoyi. Na durƙusa, kaina a sunkuye, na fara zubawa ina jiran ya ce ya isa. Malam Isiyaku mutum ne mai nazari kafin ya yi magana.

Buhun da ƙarti biyu suka ɗora a mota a Maraɗi, a hammata na shigo da shi Kusada, kamar matashin kai. An yi ruwan shuka jiya, gari duk yana gona. Na sami Yaya Sule a gindin marken, ƙafa a naɗe da tsumma, gona a gabansa baƙa wuluk da taki, an yi kunya an gama, tana jira. Ya karɓi buhun da hannu ɗaya. Ya jinjina shi.

"An yi maka fashi?"

"A'a, Yaya."

"Mota ta kife?"

"A'a. Mutane ne."

"Su wa?"

Na fara jero su. Da na zo kan Malam Isiyaku sai ya ɗaga hannu, ya gane. Ya juya ya kalli gonar. Sannan ya ce, "Ka ci abinci?" Da ya zage ni da na samu abin ba ku labari. Wannan tambayar ban samu inda zan sa mata gishiri ba.

Muka ɓare abin da ya rage. Ya ishi 'yan kunyoyi ne kawai a kusurwar da ke gangare, kusa da marken, inda ƙasa ta fi ƙarfi. Yaya ya ce a ba baƙuwa wuri mafi daɗi. Tsohon iri ya riga ya zama ƙuli-ƙuli, kowa kuma ya binne nasa. Sauran gonar muka zuba mata gero da wake. Masu wucewa suka sa wa kusurwar suna Ƙasar Faransa, suna tambayata ko sai da takarda ake shiga.

Ruwa ya yi ƙarfi a marka, sannan ya ɗauke da wuri kamar yadda ya saba mana. Gyaɗar gado a gonakin maƙwabta ta sake yamutsewa. Tamu kuwa, ruwan marka ya kwanta mata a gangaren, rabi ta ruɓe, rabi ta yi ganye ta manta da abin da aka aiko ta yi. Abin da muka tona bai fi abin da muka binne da yawa ba. Gero ya yi, alhamdu lillahi, shi muka sayar muka fita haraji. Sutura kuwa aka haƙura. Matata ta yi Sallah da zanen bara, kuma ba ta bari in manta. Na daina zama gindin durumi. Ni Tanko, har aka fara tambaya ko ba ni da lafiya.

Sai wata ranar Juma'a ga jaki a ƙofar gida, da mangala cike, Malam Isiyaku na biye. Na rasa inda zan sa kaina. Ya zauna a zaure da Yaya, ni ina rakuɓe bakin ƙofa. Ya ce ya zuba nasa a jigawa, tsantsar rairayi inda ko gero ba ya son zama, don bai yarda da ita ba. Ta yi 'ya'ya har tana ɗaga ƙasa. Ya ce, "Iri aka ba ni, iri na dawo da shi." Ya ɗan juyo wajena. "Ba ta kai ƙwan zabo ba. Amma babu fanko."

Bayansa saƙon Gwaggo ya zo, kwalbar mai da faɗa. Ta shuka tata a bayan gida ta bar ta a ƙasa har lokacin da ake tonon ta gado. Wani ɗan yayyafi ya sauka, gyaɗar ta tsira a cikin kwasfarta tun tana ƙasa. Ta ce a gaya wa wancan maƙaryacin, da ya rage ƙwan zabo ya ce mata ba a barinta ta daɗe, da ya yi aikin lada. Direba kuma ya sauke ƙullin Ɗan Ladi a Kankiya. Ɗan Ladi ya ce a Jibiya ta yi, sai dai harawarta kaɗan ce, mai dabbobi kada ya saki ta gado gaba ɗaya. Har mai jar hula ya aiko da gaisuwa, ya ce tsohonsa ya gode.

Yaya Sule ya sa aka zube kowanne daban a tsakar gida, na Fakuwa, na Jibiya, namu na gangare. Ya daɗe yana zagaya su da sandarsa. Ya ce, "Da buhun nan ya iso cike, duk a Marke zan zuba shi." Ƙasar Marke kuwa duk mai riƙe ruwa ce, da duka mun yi asara. A ranar na ci tuwo malmala uku.

Labari ya kai kunnen malamin gona na Kankiya, ya zo a kekensa ya zauna da Yaya yini guda yana tambaya, wace ƙasa, wane lokaci, ruwa nawa. Ya ce abin da gonar Maraɗi ke yi da turaku da albashi, mun yi shi da surukai. Ya yi alkawarin kai maganar gaba, ko a samu ɗan fili da ma'aikaci a nan ƙasarmu. Ko za a samu, ban sani ba. Ni dai na sauya ra'ayi a kan mai goge gwangwani. In za a ɗebi wani abu daga harajina a ba wani ƙato ya yi ta shuka a tabarma yana aunawa, don kada Yaya ya zuba shekararsa guda a gangare, na yarda, har in ƙara masa da goro. Dagaci bai jira kowa ba, ya yanka mana wani gefe a bayan makabarta, Yaya ya kafa turaku da kansa.

Shekaranjiya Yaya ya kira ni rumbu. Ya ware irin da za mu zuba a jigawarmu ta arewa, ya ɗinke. Sannan ya cika wata 'yar jaka ya miƙo mini.

"Mun san ta a rairayi, mun san ta a gangare. Ba mu san yadda take yi a jar ƙasar ƙauyen Boko ba. Gobe kasuwarsu."

"In sayar?"

"Ka zauna inda ake shan fura. Za su karɓa da kansu."

"To me zan ce musu, Yaya?"

"Abin da ka saba." Ya juya zai shiga gida, sai ya tsaya. "Amma ka ce a tone ta da wuri. Wannan kada ka ƙara masa komai."